Sarauta a Hannun Jiha, Bindiga a Hannun Tarayya: Nazari Daga Ƙasar Karaye

Manomin Daura da ke ƙaramar hukumar Karaye yana rayuwa ne ƙarƙashin iko iri biyu. Gonar da yake nomawa, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amana ce a hannun gwamna. Madatsar Challawa da ke ƙasar Karaye kuwa hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da ita, hukumar tarayya, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya bai wa tarayya iko kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Sarkinsa dokar Kano ce ta naɗa shi. Ɗan sandan da ke tsare fadar sarkin kuma daga Abuja yake karɓar umarni.

Kundin ya kasa ikon gida uku. Akwai jerin abubuwa (68 ne tun asali) da tarayya kaɗai ke yi wa doka, irin su tsaro, kuɗi, ma'adinai da 'yan sanda. Akwai jerin da ake tarayya a kansa, inda dokar tarayya ke rinjaye idan an sami saɓani. Abin da bai shiga ko ɗaya ba ya rage wa jiha, kuma a nan sarauta ta faɗa.

Karaye ta ga ƙarfin wannan ragowar iko. A 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Bichi, Rano da Gaya. Ranar 23 ga Mayu, 2024, majalisar dokokin Kano ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya maido da Muhammadu Sanusi II kan karagar Sarkin Kano. A watan Yuli aka sake kafa masarautar Karaye da daraja ta biyu, aka taƙaita ta ga Karaye da Rogo. Duk wannan ɗagawa da saukewa an yi su ne ba tare da neman izinin Majalisar Tarayya ba, kuma kundin bai buƙaci a nema ba.

Sai dai yin doka daban, zartar da ita daban. Da Aminu Ado Bayero, Sarkin Kano da aka sauke, ya dawo Kano ya sauka a gidan Nasarawa cikin rakiyar jami'an tsaro, gwamna ya ba da umarnin a kama shi. 'Yan sanda suka ce umarnin Babbar Kotun Tarayya za su bi. Sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya, sashe na 215 kuma ya bai wa kwamishina damar neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. A Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayyar ba ta da hurumin shari'ar sarauta tun farko, amma kafin nan birni guda ya kwashe watanni da sarki biyu, 'yan sanda sun hana hawan Sallah, daga baya kuma shari'ar ta wuce zuwa Kotun Ƙoli.

A ganina, nan ne gurguwar ƙafar tsarinmu take: an ba jiha hurumi, an hana ta hannun da za ta kare shi. Ba haka aka faro ba. A Jamhuriya ta Farko En'e na da 'yan dokarta, sai bayan juyin mulkin 1966 soja suka haɗe su cikin rundunar tarayya. Dole a faɗi gaskiya, an yi amfani da 'yan dokar nan wajen gallaza wa 'yan jam'iyyar NEPU, kuma wanda ya ga yadda gwamnoni biyu suka juya rawanin Karaye cikin shekara biyar yana da hujjar jin tsoron a damƙa musu bindiga. Wannan tsoro dalili ne na gindaya sharuɗɗa masu tsauri kan naɗin kwamishinan jiha da tsige shi, bai isa dalilin barin tsaron ƙauyukan Rogo a hannun ofishin da ke Abuja ba. Gyaran kundin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023 ya riga ya buɗe wa jihohi ƙofar lantarki, jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Jihar da aka yarda ta gina gidan yari, har yanzu ba a yarda ta ɗauki ɗan sandan da zai kai mai laifi can ba.