Man Kaɗe da Dogon Yaro: Tarihin Maganin Cizon Sauro

Idan damina ta kankama sauro ya yi yawa, da wuya a rasa gidan da uwa ba ta cewa, "Bar susa haka, zo in shafa maka mai." A ƙauyuka da yawa man kaɗe take nufi, wani lokaci wanda aka dafa da ganyen dogon yaro har ya yi kore-kore. Mukan ce maganin kaka da kakanni ne, amma itatuwan biyu ba sa'o'in juna ba ne ko kusa.

Kaɗanya 'yar gida ce. A Kirikongo ta ƙasar Burkina Faso, masu haƙar kayan tarihi sun tono ɓawon 'ya'yanta a tsoffin gidaje, abin da ya nuna ana sarrafa ta tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. Mungo Park, Baturen da ya biyo kogin Kwara a 1796, ya yaba man har ya fifita shi a kan man shanu, saboda yakan daɗe bai lalace ba ko babu gishiri. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sun san shi a kasuwar Salaga, inda ake kai shi kudu ƙasar Asante. Da shi ake miya, da shi ake kunna fitila, da shi ake shafe jariri.

Aikinsa kuwa na mata ne, kuma aiki ne mai cin ƙarfi. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan fita tsintar kaɗanya da asuba a farkon damina, lokacin da macizai ke kwance cikin ciyawa. Ta dafa ƙwallon, ta shanya, ta fasa, ta daka, ta soya, ta niƙa, sannan ta zauna tana bugun ƙullin da hannu cikin ruwa har farin kumfa ya taso. Shi za ta kwashe ta tafasa ya zama mai. Na ga yadda kafaɗunta ke yi bayan wannan bugu, shi ya sa har yau ba na iya taya man kaɗe da arha a kasuwa.

Dogon yaro baƙo ne daga Indiya. Turawan mulkin mallaka suka shigo da shi Borno a 1928 don inuwa da itacen wuta, daga nan ya bazu zuwa titunan Kano, Sakkwato da Katsina. A Nijar, tun daga 1975 aka jera shi a kwarin Majiya don tare iska. Ba a kawo shi don magani ba. Mutanenmu ne suka lura ɗacinsa na korar ƙwari, suka fara turara ganyensa da magariba, suka zuba shi a ruwan wankan mai ƙuraje, daga baya ya shiga tukunyar man kaɗe. Wannan haɗi bai cika shekara 100 ba, kuma a ganina abin alfahari ne: matan karkara sun gwada sabon abu, ya yi, suka riƙe.

Ƙaiƙayin daga yawun da sauro ke zubawa a fata yake tasowa, jiki ya mayar da martani da kumburi. Man yana tausasa wurin ya rage susa, kuma susar ce ke mayar da ɗan cizo gyambo a ƙafar yaro. Amma ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi, asibiti za a kai shi.

Da mantaleta da Robb suka cika tireda, sanyinsu a fata ya ja hankalin mutanen birni, man kaɗe ya koma gefe. Kamfanonin cakulan da na man shafawa a Turai kuwa suka buɗe masa kasuwa. A watan Agustan 2025 gwamnatin Najeriya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata 6 don a riƙa sarrafa shi a gida, farashi ya faɗi a hannun masu tsinta. Abin da ya fi damuna shi ne gatari: kaɗanya takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, ga shi masu gawayi a jihohin Neja da Kwara suna sare ta saboda garwashinta na daɗewa.