Kalmar "Hausa" a Tsofaffin Takardun Gana

Mai bin diddigin kakanninsa a takardun zamanin Turawa na ƙasar Gana, idan ya ga an rubuta "Hausa" a gefen sunan kakansa, kada ya yi saurin cewa ya gano asali. Kalmar ta fi nuna yadda magatakarda ya ga mutum, ba yadda mutumin ya san kansa ba. A 1863 wani Bature mai suna John Glover ya kafa runduna a Legas, galibinta bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, aka kira su Hausawa, aka kuma kai su ƙasar Gana aka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 da su. Tun daga nan sunan ya zama kamar kakin soja: Banufe, Babarbare, Bazabarme, duk wanda ya shiga bariki ya iya Hausa ya sa shi. A kasuwa ma haka. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken goro suka watsu zuwa zangunan kudu, inda mutanen gari ke kiran kusan duk Musulmi mai babbar riga Bahaushe. Da wannan idon aka yi ƙidayar jama'a ta 1891 da waɗanda suka biyo ta. Shi kuwa falken da ya taso daga Kano, da an bar shi ya faɗi da bakinsa, Bakano zai ce, na Katsina ya ce Bakatsine. Ɗan Najeriya kuwa ba ya cikin zance, don sai 1914 aka haɗe Arewa da Kudu. Irin wannan ce ta faru a Sudan, inda kalmar "Fallata" ta haɗiye Fulani da Hausawa da Barebari.

Wani zai ce ai wanda ya zauna a zango, ya yi aure da Hausa, ya tarbiyyantar da 'ya'yansa da ita, Bahaushe ne, magatakarda bai yi ƙarya ba. Wannan magana tana da ƙarfi, domin Hausa ta daɗe tana karɓar baƙo ta mai da shi ɗan gida. Amma mai neman asali tambayarsa daban ce: daga wane gari aka taso? Takardar ta faɗi abin da kakan ya zama, ta yi shiru kan inda ya fito. Wannan sai a laƙabinsa, da zanen fuskar da tsofaffi ke tunawa, da unguwar da ya sauka, da sunan maigidan da ya sauke shi.