HAUREN GIWA DA RABON ADAMAWA

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai kaya Garwa ya san wahalar kan iyaka: nuna takarda nan, biya can, canjin kuɗi gaba. To, wa ya kafa wannan iyaka, kuma don me?

Tun bayan da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Adamawa ƙasa ɗaya ce, har Garwa da Ngaundare da Banyo da Tibati. Allah ya hore mata hauren giwa da danko da ƙaro. Fataken Hausawa, wato kakanninmu, su ne kan gaba a wannan ciniki. Su shigo da tufafin Kano, su fita da haure. Dalilin zaman da yawa daga cikinmu a nan ke nan.

Amma ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Su Turawa ba su raina ba. A 1851 Bajamushen nan Barth ya iso Yola, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, amma ya riga ya rubuta abin da ya gani na kogin Binuwai. A 1886 Ingila ta ba kamfanin Royal Niger izinin ciniki da mulki a kan kogin. Suka girke jirginsu a bakin ruwan Yola, haure ya fara bin kogi zuwa teku maimakon hanyar Kano.

Da Lamiɗo Zubairu ya hau a 1890, sai ya tarar da masu zawarci uku: Ingila, Jamus da Faransa. Wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya zo a 1891, ya sake dawowa, har ya ba shi igwa biyu. Lamiɗo yana ganin zai kare kansa daga wancan da wannan. Ashe a 1893 Ingila da Jamus sun zauna can Turai sun ja layi a takarda. Yola ta faɗa wa Ingila, mafi yawan ƙasar ta faɗa wa Jamus. Ba wanda ya shawarci mai ƙasa.

Ranar 2 ga Satumba 1901 sojan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Yola. Hujjarsu ita ce cinikin bayi da hana kamfani sakewa. Gaskiya ne ana cinikin bayi, kuma wannan tabo ne a kanmu. Amma kowa ya san abin da jirgin yake ɗauka. Lamiɗo ya nufi Garwa, nan ma Jamusawa suka tare shi. Aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Shi kuwa ya rasu yana gudun hijira a 1903, Allah ya jiƙansa. Daga nan bafatake ya zama baƙo a kasuwar da ubansa ya raya.

Kada a ce zancen da ne. Dubi maƙwabciyarmu Nijar. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, a lokacin kamfanin Faransa ne ke riƙe da akala. Shugaba Diori Hamani ya nemi a ƙara farashi, ga kuma fari da yunwa sun addabi talakawa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da shi. Shekaru suka yi ta wucewa, ana kunna lantarki a Faransa da arzikin Arlit, ƙauyukan Nijar suna kwana da fitilar ƙwai.

Mu 'yan kasuwa mun sani, wanda ke riƙe da ma'auni da hanya shi ne mai kaya, ko da kayan a rumbunka suke. Saboda haka mu sa 'ya'yanmu karatu, na addini da na boko, don a samu masu iya karanta yarjejeniya kafin a sa hannu. Allah ya sa mu gane. Wassalam.