Jaki da Taki: Tarihin Tattalin Shara a Karkarar Kano

Gabatarwa

A zamanin nan ana yawaita kira ga jama'a da su rage ɓarna, su riƙa sake amfani da abin da suka saba zubarwa, domin kare muhalli. Sau da yawa akan ɗauka wannan sabon ilmi ne da ya zo daga Turai, wanda sai mai hali ne zai iya binsa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa talakan ƙasar Kano ya daɗe da sanin wannan hanya, kuma rashi ne ya koya masa ita.

Birni da karkara

Lokacin da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000. Gari mai wannan yawa yana bukatar itace da hatsi kullum, yana kuma tara toka da kashin dabbobi da shara. Ƙauyukan da ke kewaye da shi kuwa mutane sun yi yawa a cikinsu har babu filin da za a bari ya huta. Gona ɗaya ake nomawa kowace damina, wato abin da ake kira karkara. Irin wannan gona ba ta rayuwa sai da taki.

Jaki ne ya haɗa bukatun nan biyu. Da rani manomi kan ɗora wa jakinsa itace ko kara ko hatsi ya shigo birni da safe, in ya sayar sai ya cika mangala da taki daga juji ko turken wani gida, ya koma. A gona akan zuba takin tsibi-tsibi, a baza shi gab da faɗuwar damina. Binciken da Mortimore da Wilson suka buga a 1965 a kan ƙasa da jama'ar kewayen Kano ya bayyana wannan tsari, ya kuma nuna yadda ƙasar ke ɗauke da ɗimbin jama'a ana nomanta shekara da shekaru.

Cikin gida da wurin sana'a

Sharar da jaki ke ɗauka ta zama taki ne domin kusan duk abin da ke cikinta mai ruɓewa ne, kuma ba a zubar da abu sai amfaninsa ya ƙare sarai. Matar gida kan tace toka ta sami ruwan toka na miya, ta ba awaki dusa, ta ajiye ƙanzo. Ƙwarya in ta tsage sai a kai wa gyartai ya ɗinke. Karan dawa ya yi danga, in ya tsufa ya shiga murhu, tokarsa ta koma juji. Harawar wake da ta gyaɗa abincin dabbobi ce, dabbobin kuma su mayar wa gona da taki.

Masu sana'a ma haka suke. Alal misali, marina kan kwashe dagwalon da ya kwanta a ƙasan karofi, su busar da shi su ƙona ya zama katsi. Da katsin nan ake haɗa laso, wanda ake shafe ramin rini da bangon soro da shi don kada ruwa ya ci su. Bayan zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, da kayan Turai suka yawaita, sai wannan ɗabi'a ta bi su: gwangwani ya zama fitilar aci-balbal, tsohuwar tayar mota ta zama takalmi, robar cikinta kuma ta zama guga.

Ya kamata a faɗi gaskiya, wannan rayuwa ce mai wahala. Mai jaki kan yi tafiyar sa'o'i a cikin rana saboda mangala ɗaya, wanda ba shi da dabba kuwa gonarsa ce ke fara gajiya.

Yadda tsarin ya raunana

Abubuwa biyu suka girgiza shi. Na farko takin zamani ne. A zamanin kuɗin man fetur, musamman daga shirin ciyar da ƙasa na 1976, gwamnati ta riƙa sayar da shi da rahusa, har wasu manoma suka sassauta wa juji. Da tsadarsa ta tsananta bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sai aka sake waiwayar sharar birni.

A nan ne abu na biyu ya bayyana, wato leda. Sharar da aka tarar ba irin ta da ba ce. Tifa ta karɓi aikin jaki, amma lodin da take juyewa a gona cike yake da leda da kwalba da batir, sai manomi da 'ya'yansa sun tsince su da hannu. Leda ba ta ruɓewa. Tana toshe magudanan ruwa a birni, akuya kuma in ta ci ta taru a tumbinta, sai ta rame har ta mutu. Ke nan abu ɗaya ya ɓata takin, ya kuma cuci dabbar da ke samar da shi.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tarihi bai bukatar kuɗi. Iyalin da suka ware toka da ɓawon kayan miya da kashin dabba wuri guda, leda da kwalba wuri guda, sun mayar wa juji darajarsa. Wanda ya tafi kasuwa da kwando ko kwano ya rage ledar da za ta ƙare a gonar wani. 'Yan jari-bola da ke sayen ƙarfe da roba su ne magadan gyartai a yau, sun kuwa cancanci a daina raina su. Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin harshe, domin kalmomi irin su mangala da katsi da laso da gyartai sun fara ɓacewa daga bakin yaran birni, kuma kowace daga cikinsu tana ɗauke da bayanin yadda ake yin wani aiki. Wajibi ne a tattara su daga bakin dattawan da suka yi aikin da hannunsu tun suna raye.