Magoya Bayan Kentucky: Baƙin da Ke Rinjayar Masu Gida

A wasannin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, baƙo ba ya samun wani rabo na kirki. Ɗaliban masu gida su ke mamaye zaure, su yi ta ihu har kunne ya toshe, ƙungiyar da ta zo daga nesa kuwa sai a ba ta 'yan kujeru a bayan bencin 'yan wasanta, iyaye da dangi su zauna. Amma akwai jami'ar da ta daɗe da karya wannan al'ada. Duk inda 'yan wasan Jami'ar Kentucky suka sauka, sai ka ga riguna shuɗɗa sun rine wuri, wani lokaci ma muryarsu ta danne ta masu gida.

Tushen abin yana komawa 1930, shekarar da aka ɗauko Adolph Rupp, wani malamin sakandare haifaffen Kansas, aka ba shi horar da ƙungiyar a birnin Lexington. Zauren da ya tarar mutum 2,800 kawai yake ɗauka. Ya shekara 42 a kan aiki, ya ci wasa 876, ya ɗauki kofin ƙasa sau huɗu: 1948, 1949, 1951 da 1958. Kentucky jiha ce ta manoman taba da masu haƙar kwal, kuma har yau ba ta da ƙungiya a manyan gasannin ƙwararru irin su NBA. Saboda haka yaran Rupp suka zama abin tinƙahon jihar baki ɗaya, har ga mutumin da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba.

Sai dai nasara kaɗai ba ta isa ta sa mutum ya tuƙa mota awa shida don kallon wasan minti 40 ba. Rediyo ce ta yi wannan aikin. Daga 1953 zuwa 1992, wani ɗan garin Harlan da ke cikin duwatsun gabashin jihar, Cawood Ledford, shi ne ke sharhin wasannin. Tashar WHAS ta Louisville kuma tana da ƙarfin da, idan dare ya yi, ake kama ta a jihohi masu nisa. A daidai wannan zamanin ne injina suka rage buƙatar ma'aikata a ramukan kwal, dubban iyalai suka tattara komatsansu suka nufi masana'antun Cincinnati, Dayton da Detroit. Sun bar gida, amma muryar Ledford ta bi su. Kamar yadda ɗan ci-rani ke manne rediyo a kunne don jin labarin garinsu, haka suka riƙa zama cikin motoci da dare suna laluben tashar. 'Ya'yansu da jikokinsu sun tashi da wannan ƙauna. Ke nan da yawa daga masu shuɗɗan rigunan da ake gani a garin wasu ba daga Kentucky suka taso ranar ba, dama can suna zaune a nan, suna jiran ranar da ƙungiyar gida za ta kawo musu ziyara.

An ga haka ƙarara ranar 13 ga Disamba, 2003, a filin Ford Field na Detroit, inda mutum 78,129 suka kalli Kentucky ta doke Michigan State da ci 79 da 74. A lokacin, ba a taɓa samun taro irin wannan a wasan ƙwallon kwando ba.

Dalili na uku shi ne ƙarancin kujera a gida, kuma shi ne aka fi kauda kai a kansa. An gina Memorial Coliseum a 1950, ya cika. An buɗe Rupp Arena a 1976 da kujeru kimanin 23,000, shi ma ya cika. Kujeru masu kyau suna hannun masu tikitin shekara, waɗanda ke biyan gudummawa mai tsoka ga jami'ar, suna kuma riƙe wurarensu shekara da shekaru. Ga direban babbar mota ko malamar firamare, sau da yawa ya fi sauƙi a sayi tikiti a garin wasu da a samu a Lexington.

Da aka dawo da gasar ƙarshen kaka ta jami'o'in kudu maso gabas, wato SEC, a 1979, sai ta zama musu kamar bikin shekara. Mutane kan tara kuɗi, su ɗauki hutun aiki a watan Maris, su kama hanyar Atlanta a shekarun da aka yi gasar a can, tafiyar kusan kilomita 600. Yawansu ya sa aka yi wa birnin laƙabin Catlanta, daga sunan ƙungiyar, Wildcats. A can ne kuma suka gamu da ranar da ba su mantawa. Daren 14 ga Maris, 2008, mahaukaciyar guguwa ta daki rufin Georgia Dome ana tsakiyar wasan Alabama da Mississippi State, Kentucky na jiran nata wasan. Aka mayar da gasar ƙaramin zauren jami'ar Georgia Tech, aka hana galibin masu tikiti shiga. Dubban mutanen da suka biya otal da mai suka tsaya a waje, washegari kuma Jami'ar Georgia ta fitar da Kentucky a zauren da kusan babu kowa.

Yanzu galibi a Nashville ake yin gasar, wadda ta fi Atlanta kusa da Lexington, kuma sayar da tikiti ta intanet ya sauƙaƙa wa baƙo sayen kujerar mai gida. A Rupp Arena kuwa, gyaran da aka yi a 2019 ya rage kujerun zuwa kimanin 20,500, don haka talakan mai goyon baya ya ƙara samun dalilin kama hanya.