Mai Zane da Mai Launi: Tarihin Hotunan Jarumai a Kudancin Katsina

Zanen jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam sana'a ce ta haɗin gwiwa tun farkonta. Superman, wanda ya fara fitowa a mujallar Action Comics a 1938, aikin abokai biyu ne 'yan birnin Cleveland na Amurka: Jerry Siegel ke tsara labari, Joe Shuster ke zanawa. Su biyun suka sayar da haƙƙin jarumin nasu a kan dala 130 kacal. Da kasuwa ta buɗe sai kamfanoni suka rarraba aikin. Wani ya zana da fensir, wani ya bi layin da baƙar tawada, wani ya rubuta maganganu, sannan mai launi ya karɓa daga ƙarshe.

Mai launin wancan zamani hannunsa a ɗaure yake. Madaba'a tawada huɗu take bugawa: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Ukun farko kuma mataki huɗu ne kowace, daga babu zuwa kashi 25, kashi 50 da cikakke, wato launi 64 ke nan iyakar abin da ake iya haɗawa. Mai launi ya shafa fenti a kwafin shafi, ya rubuta lambar kowane launi a gefe, ma'aikatan wata masana'anta kuma su yanka faranti bisa lambobin. Wannan ƙunci na cikin dalilan da suka sa tsofaffin jarumai ke sanye da ja da shuɗi masu kashe ido.

A ƙasar Hausa raba aiki tsakanin mai baƙi da mai launi ba baƙon abu ba ne. Marubucin Alƙur'ani yakan gama baƙi tukuna, ya dawo da jar tawada ya sa wasali, ya ɗiga rawaya da kore inda ƙa'ida ta ce. Allon sauka kuwa sau da yawa gwanin zayyana daban ake kai wa. Sai dai zayyana ba ta zana mai rai, kuma ra'ayin malamai kan hoton mutum ya daɗe yana sa iyaye kallon yaro mai zane da shakku.

Hoton mutum a takarda ta Zariya ya shigo yankin Funtua da Malumfashi. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta Funtua, musamman don kwasar auduga da gyaɗa, kuma abin da ya ɗauki kaya zuwa kudu shi ya dawo da littafi da jarida. Gasar rubutu ta 1933 ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam. Magana Jari Ce ta fito da hotuna a ciki, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a 1939, daga baya Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ɗan firamare a Bakori ko Ƙafur ya san jarumin da ke gamawa da runduna shi kaɗai tun kafin ya ji sunan Batman.

Daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970 mujallar African Film ta kamfanin Drum ta mamaye garuruwan Najeriya da Lance Spearman, ɗan leƙen asiri mai hula da sigari. Wannan ba zane ba ne, hotunan kyamara ne aka jera da magana a kai. Jarumin zane na sosai ya zo a 1975, wato Powerman, wanda aka yi don kasuwar Najeriya amma a Ingila aka zana shi. Dave Gibbons da Brian Bolland, matasa a lokacin, su suka riƙa karɓa-karɓa, wannan ya yi fitowa ɗaya wancan ya yi ta gaba. An umarce su da su sa wa kowane akwatin hoto lamba, wai don kada mai karatu ya ɓace, umarnin da ke nuna yadda masu kuɗin suka raina masu sayen. Dukansu biyu sun shahara daga baya a Amurka. A 1976 Wale Adenuga ya fito da mujallar Ikebe Super, ita kuma barkwanci ta sa gaba.

Irin waɗannan mujallu hannu da hannu suke yawo a makarantun kwana har su yage, masu hannun zane kuma su kwaikwayi jaruman a bayan littafin lissafi da biro. Wanda ya dage da abin, hanya biyu ce a gabansa: sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko kuma rumfar mai fenti a bakin tasha, inda ake rubuta allon shago da zana zaki da mikiya a jikin manyan motoci. A rumfar ma maigida ke fitar da siffa, yaransa su cike launi.

Kwamfuta ta sauya matsayin mai launi gaba ɗaya. A 1988 Steve Oliff ya yi amfani da ita wajen sa launi a Akira, labarin Japan da kamfanin Marvel ya buga da Turanci. Photoshop ta fito a 1990, kamfanin Image ya yi fice da launi mai sheƙi daga 1992, har Marvel ta sayi kamfanin Malibu a 1994, wanda ya shahara da sashensa na launin kwamfuta. Launi 64 ya koma miliyoyi. A arewacin Najeriya sauyin ta shagunan kwamfuta ya biyo, inda CorelDRAW da injin buga bana suka karɓe aikin katin biki, kalanda da fostar 'yan siyasa daga hannun masu burushi. Da yawa cikin masu fenti sun rasa ciniki a nan.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, amma sai da Android ta yi araha zanen ya koma tafin hannu. Yadda abokai biyu ke yi yanzu shi ne, ɗaya ya zana Spider-Man ko Black Panther a farar takarda, ya bi da baƙin alƙalami, ya ɗauki hoto da rana don kada inuwa ta ɓata layi, ya tura ta WhatsApp. Na biyun ya buɗe a manhaja irin ibisPaint, ya ɗora layin a sama, ya fara shimfiɗa launi zalla a ƙarƙashi, fata daban, riga daban, sannan inuwa da haske kowanne a shimfiɗarsa. Layin da bai haɗe ba shi ne babban abin rigima, domin launi ta nan yake malala ya cika shafi. Akan kuma yi wa jarumin kwaskwarima, a sa masa rawani ko babbar riga, a tsayar da shi gaban ƙofar gari.

Jaruman Marvel da DC mallakar kamfanoninsu ne, don haka zanen masoya na nuni ne a Facebook da Instagram, ba na sayarwa ba. Masu son cin abinci da sana'ar sukan ƙirƙiro nasu, kamar yadda Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013 da jaruminsa Guardian Prime, ko su bi sahun masu zanen jarida irin su Mustapha Bulama na Daily Trust.