Kuɗin Wanda Aka Ci Da Yaƙi

A cikin tsofaffin sulallan Rumawa da nake tarawa, akwai wani ɗan dinari na azurfa da ya sha hannu har rubutunsa ya kusa gogewa. Gefe ɗaya hoton jirgin ruwan yaƙi ne, ɗaya gefen kuma mikiya tsakanin tutocin soja biyu.

Markus Antoniyus ne ya sa aka buga irinsa a shekarun 32 da 31 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don ya biya sojojinsa albashi lokacin da yake rikicin mulki da Oktabiyan. Sojoji sun yi yawa, azurfa ta yi kaɗan, sai aka gauraya ta da jan ƙarfe. A shekarar 31 aka ci shi da yaƙi a tekun Aktiyum, shekara na zagayowa ya kashe kansa a Iskandariyya.

To amma kuɗinsa bai bi shi kabari ba. Sama da shekara 200 ana ciniki da shi, har a Ingila an tono shi cikin tukwanen ajiya. Dalili kuwa duk ɗan kasuwa ya san shi: mai kyau ake ɓoyewa, mai rauni ake miƙa wa mai saye canji. Sulallan da azurfarsu ta fi tsabta an narkar da su ko an binne, wannan kuma ya yi ta yawo hannu zuwa hannu.

Shi ya sa nake gargaɗin mai sha'awar saye: in ka ga irinsa sabo fil da araha, ka yi hattara, jabu sun yi yawa. Allah Ya sa mu dace.